Sunayen ƙauyukan Fortingall da labarin Bilatus

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Sikotland ya kai ziyara wani ƙauye, Fortingall. Ya ce sunayen wuraren ba su yi kama da Turanci ba, kuma an gaya masa a can aka haifi Buntus Bilatus, gwamnan Rumawan nan na zamanin Yesu. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, mu fara da sunayen. Fortingall tsohuwar gundumar coci ce a yankin Perthshire, mai faɗi ƙwarai, ta haɗa da kwarin Glen Lyon da tafkin Rannoch. Da can harshen Gelik ake yi a wurin, daga baya masu zana taswira suka rubuta sunayen yadda kunnen Bature ya ji. Galibinsu kwatance ne kawai, irin namu na Bakin Kogi. "Glen" kwari ne, "inver" inda rafi ke zuba cikin wani ruwa, kamar Invervar. "Kin" kai ne, don haka Kinloch Rannoch na nufin kan tafki, duk da cewa garin yana gefen da ruwan ke fita ne. Shi kansa Fortingall tsohon rubutunsa Forterkil ne, kuma "cill" ɗin da ke ƙarshe coci ne.

Maganar Bilatus kuwa tatsuniya ce. Ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36 miladiyya, sojojin Rum kuwa ba su taka Sikotland ba sai bayan shekara ta 70, wato daɗewa bayan an haife shi. Ko filin da ake kira sansanin Rumawa a bakin ƙauyen, masana sun fi ɗaukarsa gidan zamanin tsakiya mai ganuwa.

Ni da zan ba shi shawara, ya bar Bilatus ya tsaya gaban bishiyar "yew" da ke harabar cocin. A 1769 wani marubuci matafiyi, Thomas Pennant, ya auna kewayen gindinta ƙafa 56 da rabi. Mutane suka yi ta gutsurar ta suna tafiya da ita, har aka kewaye ta da katanga a 1785. Yanzu tsakiyarta ta ruɓe, sai turakun da aka kafa suna nuna inda gindin ya kai, shi ya sa ƙiyasin shekarunta ke bambanta sosai, daga 2,000 abin da ya yi sama.

Daura da ƙauyen akwai tudu mai dutse a tsaye, Càrn nam Marbh, tudun matattu, inda ake cewa an binne waɗanda annoba ta kashe a ƙarni na 14. Gidajen ƙauyen masu kyau masu rufin ciyawa kada su ruɗe shi ya ɗauka na dā ne, wani attajiri, Sir Donald Currie, ne ya sa aka gina su wajajen 1890.

In yana son bin diddigi, ya nemi kundin bayanan gundumomi da Sir John Sinclair ya tattara daga limaman coci tsakanin 1791 da 1799, yana intanet kyauta.