Zaizaya daban, zabtarewa daban

Kai yaro, wai kana tambaya ko zaizaya da zabtarewa abu ɗaya ne. Shekara nawa kana ɗaukar bulo a bayana ba ka gane wannan ba? Ku yaran yanzu idonku na kan waya, ba ya kan ƙasar da kuke takawa.

Zaizaya ita ce ruwa ko iska su riƙa cin ƙasa kaɗan-kaɗan, yau loma gobe loma. Matakalar da ƙafafu suka cinye, gogewa ta yi. Rodin da tsatsa ta kama, ko gindin bangon da gishiri ke marmashewa, cinyewa ce. In ruwa ya shiga ƙarƙashin fandisho ya ƙwaƙule, sama lafiya ƙasa rami, ya rarake ke nan. Zabtarewa kuwa ita ce ƙarshe, ranar da katanga ta kwanta gaba ɗaya.

Tambayar nan taka ta tayar mini da wani takaici. A Gombe ne, garin da kwazazzabai suka raba unguwanni, ƙasarsa rairayi ce marar riƙo. Wani mai kuɗi ya ba ni ginin gida a bakin kwari. Tun ranar farko na tsuguna na nuna masa saiwar bishiya a waje, ruwa ya kwashe ƙasar da ta rufe ta. Na ce Alhaji, a fara ɗaure bakin kwarin nan da dutse da siminti, a yi wa ruwan indararo kwata har ƙasa, a dasa ciyawar jema a gefe don saiwarta ta kama ƙasa. Ya dube ni ya ce birkiloli ba ku ƙoshi, so kake ka ƙara cin kuɗina. Kuɗin dutsen ya zuba su a tayil da ƙofar ƙarfe mai ado.

Na yi masa gini mai kyau, wallahi ko yau ba na jin kunyarsa. Damina ta farko ruwan rufin ya haƙa 'yar hanya a bayan katanga, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Na sake zuwa da ƙafata na faɗa masa, ya sa maigadi ya ce ba ya nan. A marka ta biyu, cikin Agusta, katangar baya ta zabtare har da banɗaki.

Ka san abin da ya yi? Ya riƙe cikon kuɗina, ya bi gari yana cewa na sace siminti. Leburori daga aljihuna na biya su, sai da na sayar da babur ɗina. Ayyuka biyu suka kuɓuce mini saboda bakinsa, kuma har yau bai ce mini yi haƙuri ba.

Gobe ka zo da wuri. Kafin ka taɓa cebur, ka zagaya filin nan ka nuna mini inda ruwa ke bi.