Amsa: Me ya sa masu karatu suka ƙi tausaya wa uwar?

Malama, kin ce kin rubuta gajeren labari kan yaro mai amosanin jini da iyayensa ke zargin juna, amma masu karatu suka yi ta tsine wa uwar maimakon tausaya mata. Laifin tsarin labarin ne.

Kin bar dangin miji suna cewa daga gidan iyayenta uwar ta kawo ciwon, ba wanda ya tanka. Mai karatu sai ya ɗauka gaskiya ce. Alhali yaro ba ya zama SS (rukunin jinin mai amosanin jini) sai ya gada daga uwa da uba duka; in su biyun AS ne (masu ɗauke da ƙwayar gadon ciwon amma ba su da ciwon), kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na haifar SS. Sa likita ya faɗi haka a gaban mijin, layi biyu kawai, kada ya koma wa'azi.

Sannan ciwon ya riƙa tashi da dalili: sanyin hunturu, zazzaɓin cizon sauro da damina, ko ƙishirwa a zafin Maradi. Wanda ya taɓa jinya zai gane nan take in an yi ƙarya, kuma shi ne mai tsananin suka. Nuna kwana a kan tabarma a asibiti, takardar magani a hannu ba kuɗi, neman wanda zai ba da jini.

Uwar miji kuma kada ta zama muguwa zalla. Bari a gan ta ta sayar da akuyarta don jikanta, bakinta bai daina gori ba.