BSA Airsporter ko Weihrauch HW35: wacce zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an kawo maka tsofaffin bindigogin iska guda biyu, BSA Airsporter da Weihrauch HW35, kuɗinsu kusan ɗaya, kana neman shawara. Duka biyun sun daɗe a hannuna. Zuciyata tana wajen Airsporter, amma kuɗinka ka kai su wajen HW35.

Airsporter ta Birmingham ce ta Ingila, ta fito a 1948, kuma a wajen kyau ban ga tsararta ba. Hannun ɗana ta yana ɓoye cikin ƙota, daga nesa sai ka rantse bindigar farautar manyan dawa ce. Ita na gada wajen kawuna, da ita na koyi saiti a kan gwangwanin madara a bayan gida. Matsalarta tana wajen ɗan famfon nan da ake jefa dalma a ciki a murɗa. In ya ci, iska ta riƙa zurarewa ta gefe, ƙarfi ya tafi, kuma ba abu ne da maƙeri zai gyara maka ba, don dacewarsa da bututu aikin ma'aikata ne. Kafin ka biya, ka gwada shi ba dalma a ciki: ka ɗana, ka bar famfon a buɗe (a haka yake toshe hanyar iska), ka riƙe hannun ɗanawar gam, ka ja kunama, sannan ka sassauta a hankali. In ka ji iska tana tokare hannun kamar kana danna famfon keke da ka toshe bakinsa, lafiyarsa lau. In ya koma salin-alin, ka mayar wa mai ita.

Sai batun dalma, wanda ya wahalar da ni shekaru. Tsofaffin na Ingila masu lamba .22 bakinsu milimita 5.6 ne, dalmar da ke yawo a kasuwa yanzu kuwa 5.5 ce. Sai ka ga ta faɗa cikin famfo sako-sako, harbi biyar wuri biyar. Na daɗe ina zargin idona.

HW35 kuwa ta garin Mellrichstadt ce a Jamus, tun 1951. Karya ta ake yi a ɗana, wato a lanƙwasa bututun ƙasa, ka tura dalma da babban yatsa kai tsaye cikin bututu, kana jin yadda ta zauna. Tana da sakata a gefe mai kulle bututun, shi ya sa ko ta tsufa ba ta kaɗawa. Amma abin da ya raba gardama shi ne kunamarta, wadda suke kira Rekord: ka ja ta zo ta tsaya, ka ƙara ɗan matsi kaɗan ta tashi. Ta Airsporter sai ka yi da gaske, kuma garin ja ne saiti ke gocewa. Aibin HW35 nauyi, ta kusa kilo 4, in ka yini da ita a kafaɗa za ka ji a jikinka. Sifirin da sauran kayanta kuma sun fi sauƙin samu, tunda kamfanin bai daina yin ta ba.

Kowacce ka ɗauka, tsofaffin nan galibi fata ce a kan fistan ɗinsu, wato abin da ke tura iska, hunturunmu kuma yana busar da ita ƙayau. Don Allah kada ka ɗura mata baƙin mai. Na taɓa yi, harbin farko ta yi ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi ya fito, sifirin ya karye. Ɗigo biyu na man jiƙa fata ya isa, ka jingine ta ta kwana. Kada kuma ka harba ta ba dalma.

Ka tuna dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigar iska cikin masu buƙatar lasisin 'yan sanda, ka tambayi mai sayarwa takardunta. In ka samu dama ka turo hoton lambar da ke jikin HW35 ɗin, mu duba shekarar da aka ƙera ta.