Wufa na girgiza taga, amma ba na jin ta a kujerata

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo wufa (sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, wato bes) a Adum, na haɗa ta da manyan sifikuna biyu masu tsayuwa a ƙasa. Falona ginin bulo ne, tsawonsa mita 4. Tagogi na rawa, 'yan gidanmu na ƙorafi, amma in na zauna a tsakiyar falo kamar ban kunna ta ba. Ko lalatacciya aka sayar mini?
Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wufar da ke girgiza taga ba lalatacciya ba ce. Ɗakin ne ke maka wasa.

Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. A ɗaki mai tsawon mita 4, sautin da ke wajen Hz 43 (wato mai kaɗawa sau 43 a daƙiƙa) yana bugun bango ya dawo ya ci karo da kansa: jikin bango ya taru ya yi kauri, a tsakiya kuwa ya kashe kansa. Bulo ba ya shan ƙaramin sauti, wato bes, mayar da shi yake yi. Ka ga kai kana zaune inda ya mutu, maƙwabcinka yana kwance inda ya taru. Ja kujerar ta koma kamar mita 1.5 daga bangon baya.

Sai wurin ajiye wufar. Ɗora ta a kan kujerar da kake zama, saka waƙa mai bugun ganga a jere, ka durƙusa ka bi gefen bango kana saurare. Inda ka ji bugun yana fita ɗaya bayan ɗaya, ba gurnani ba, nan ne gidanta. Yara za su yi maka dariya, ƙyale su. Kusurwa tana ƙara ƙarfi, amma sau da yawa ita ke kawo gurnanin.

Yanzu saiti. Manyan sifikunka ma suna fitar da ƙaramin sauti, don haka su da wufar suna cin tuwo a kwano ɗaya. In amfilifayarka tana da ramin Sub Out da tsarin saiti, mai da sifikun Small ko da manya ne, ka sa Crossover (iyakar da ke raba sautin wufa da na sifiku) a Hz 80, sannan ka murɗa maɓallin Crossover na bayan wufar har ƙarshen sama don kada a tace sautin sau biyu. In babu wannan tsarin, duba takardar sifikun: waɗanda ke sauka zuwa Hz 45, sa Crossover na wufar a wajen Hz 50 zuwa 55.

Maɓallin Phase na wufar, mai daidaita bugunta da na sifikun, 0 ko 180: kana zaune, wani ya riƙa juya maka shi. Bar shi inda bugun ya fi cika.

Ƙarar wufar kuma ka fara daga ƙasa, kana ƙarawa har ka ji ta, sannan ka ɗan rage. In kunnenka na iya nuna inda take, ta yi yawa. Sa mata tabarmar roba mai kauri a ƙasa, kada ta jingina da bangon da ya raba ku da maƙwabci.