Kafsul ɗin "nano" na kurkur: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, shekaruna 41. Ciwon suga ne ajalin mahaifiyarmu, yayata ma tana fama da shi. Wata maƙwabciyata tana sayar da kafsul na kurkur, ta ce na "nano" ne, wai yana shiga jini kai-tsaye ya hana suga da hawan jini da daji. Kwalba ɗaya ta kusa cinye rubu'in albashina. In saya?

Amsa: Wa alaikumussalam Malama. Allah ya jiƙan Mama, ya ba Yaya lafiya. Ki riƙe kuɗinki. Sai dai maganar maƙwabciyarki tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take shiga kunne.

Nano ma'auni ne. In aka raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000. Masana kan naɗe magani cikin ɗan ƙunshin maiƙo mitsitsi irin wannan don kada ya lalace kafin ya isa inda ake so. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, maganin daji da aka ƙunshe haka, rigakafin korona na Pfizer da Moderna ma a irin wannan ƙunshi suke.

Sinadarin kurkumin da ke cikin kurkur ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shige kuma hanta ta yi maza ta kawar da shi. Ƙunshin nano yana sa ya fi shiga jini, ba musu. To ya shiga, sai me? Shigar sinadari jini daban, kare mutum daga suga nan da shekara goma daban. Yawancin gwajin irin waɗannan kafsul a kan ɓeraye aka yi, na mutane kuwa kan 'yan kaɗan ne, na 'yan watanni.

Kurkumin yana cikin dangin da ake kira antioksidan, masu rage ɓarnar da oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, kwatankwacin yadda tsatsa ke cin ƙarfe. An daɗe ana zaton in an ɗura wa mutum su da yawa ya tsira. Aka gwada a Finlan kan maza mashaya taba kusan 29,000. A 1994 sakamako ya fito: waɗanda aka ba beta-karotin, antioksidan ɗin da ke ba karas launinsa, sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 2011 wani babban gwajin ya nuna bitamin E, wanda shi ma antioksidan ne, ya ƙara dajin furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da kashi 17. Shi kansa kurkur ɗin, a 2019 an samu mutane a Italiya da hantarsu ta taɓu bayan shan kafsul ɗinsa, a 2023 hukumar Ostareliya ta yi gargaɗi, ta ce haɗarin zai iya fin yawa a kafsul ɗin da aka ƙara wa ƙarfin shiga jini. Wato abin da ake yi miki talla da shi, shi ne abin taka-tsantsan. Wanda kike barbaɗawa a miya ba shi nake nufi ba.

In ta nuna miki lambar NAFDAC, ki duba ko akwai harafin L a ƙarshe. Wannan shaida ce ta an yarda a sayar, ba ta an tabbatar yana warkarwa ba.

Da kuɗin nan, ki fara da gwajin suga a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko wanda ya fi kusa da ke, tunda ciwon na gidanku ne. A 2002 wani gwaji a Amurka ya nuna masu dab da kamuwa da suga da suka rage kashi 7 na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, sun rage haɗarin da kashi 58. Canjin ki kai Kasuwar Bacci: gwaba, lemu, tumatir, zogale, kuka. Zoɓo ma yana da antioksidan sosai, in dai ba irin na gidan biki ba ne da ake narka wa sukari kamar za a yi alawa.

Tambaya: Malam, daga Rigasa nake. Babanmu yana shan maganin hawan jini da warfarin na tsinka jini. Ya gaji da ƙwayoyi, yana so ya ajiye ya koma kurkur na nano.

Amsa: Ɗan'uwa, ku lallashi Baba kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Kada kuma ya haɗa su: kurkumin na iya ƙara wa warfarin ƙarfi har jini ya ƙi tsayawa. In yawan ƙwayoyin ne ya gundure shi, ku faɗa wa likitansa ranar da zai koma, domin akwai magungunan hawan jini da ake haɗe biyu a ƙwaya ɗaya. In har an riga an sayo kwalbar, ku tafi da ita ya karanta abin da ke jikinta.