Zakarun Ummi biyar

Ummi, na ga saƙonki. Kin ce kazarki ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara a farkon damina, biyar suka fito zakaru, yanzu sun shiga wata na shida sun hana gida sakat, har jan cikinsu ya bi Abba ya karce shi a ƙwauri. Kuma wai maƙwabciyarki a nan Samaru ta ce miki zakaran da ya fara bin mutane ba a barin sa ya kwana, yanka shi ake yi, don alama ce ta wani abu. Shi ne kike tambaya ko al'adar gidanmu ce ko camfi. Da na kai wurin zakaru biyar a tsakar gida ɗaya sai da na yi dariya, amma maganar ƙwaurin Abba ta tsaya mini a rai. Yaron da bai wuce shekara biyu ba, idonsa daidai yake da inda zakara ke kai tsalle. Kafin ki ci gaba da karatu, ki tashi ki kife jan nan da kwando ki ɗora dutse a kai.

Abin da kike gani lokacinsa ne ya yi. Ɗan zakara daga wata huɗu zuwa shida balaga ke kama shi: zankonsa ya yi ja wur, ya fara gwada cara da dasasshiyar murya, ya riƙa kallon duk abin da ya motsa a matsayin kishiya. Kajin gidan gona irin su Noiler ma sukan riga namu na Hausa kaiwa wannan matakin, ga jiki ga nauyi. Wasu in sun shekara sai su natsu, wasu kuwa da halin za su tsufa. Kuma ba ya kai hari sai ya yi gargaɗi, mu ne ba ma lura. Za ki ga ya zo miki a karkace, ya saki fiffike ɗaya yana jan sa a ƙasa, gashin wuyansa ya tashi, yana tsattsagar ƙasa kamar mai tsintar hatsi alhali idonsa na kanki. Da zarar kin juya baya sai ya tashi da ƙafafu biyu.

Sai kuma lissafi. Zakara ɗaya yakan ishi kaji mata takwas zuwa goma. Ke kina da mata biyar har da uwar, ga zakaru biyar. Ki ɗaga sagarunki ki duba ƙeyarsu da gadon bayansu, na tabbata gashin ya fara tsigewa saboda yawan hawa, kuma za su fara gudun wurin abinci, ƙwai ya ja baya. A gidan da muka tashi cikin Birnin Zariya, wajen Ƙofar Gayan, Iya ba ta taɓa barin haka ta kai ba. Takan ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Da kaka ta yi, an shigo da dawa, sai ta zauna a kan tabarma da safe ta watsa tsaba tana kallo. Wanda ya tsinci ƙwaya ya yi ƙut-ƙut ya kira matan ya ja baya suka ci, wanda in shirwa ta gitta shi ne farkon yin kuka, wanda in yaro ya wuce ya kauce masa, shi ne mai gida. Sauran kuwa, wani na baƙo ne, wani na mai jego, wani a kai kasuwa a sayo gishiri da kalwa.

Akwai wani wake-wake da ta so ƙwarai, dogo, mai wutsiya har ƙasa, carar sa ana ji har zaure. Wata safiya da hunturu wata yarinya mai tallan ƙosai ta shigo, ta durƙusa ta sauke tire a bakin madafi, bai yi wata-wata ba ya tashi ya haye kafaɗarta. Ƙosai ya watse, yarinya ta kurma ihu, jini na bin gefen kunnenta. Samarin gidan suka ɗauko sanduna. Iya ta daka musu tsawa, ta ce wanda ya doki zakara ya koya masa dambe ne, gobe da shiri zai fito. Ta wanke wa yarinyar ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ta biya kuɗin ƙosan gaba ɗaya, ta sa aka raka ta gida da ban haƙuri. Zakaran kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, har aka yi isha'i. Sai da ya hau katangar da yake kwana, ido ya mutu, sannan ta je a hankali ba fitila, ta ɗora tafukanta biyu a kan fikafikansa ta sauko da shi, ta matse shi a hammata, kansa na kallon baya, hannunta ɗaya riƙe da ƙafafu. Ta zauna da shi haka tana jan carbi har ya daina wutsil-wutsil, ta sa aka kawo dutsen kaifi ta goge tsinin ƙaiminsa kaɗan-kaɗan har ya dakushe, sannan ta kife shi da babban kwando a bayan rumbu, inda ba ya ganin matan, da kaskon ruwa da dusa. Mako guda yana nan. Kullum da safe ta ɗauke shi a hammata ta zaga gida tana aikinta, ba ta sauke shi sai ya yi laƙwas. Da ta sake shi ya yi kwanaki lafiya lau, har ana cewa ya shiryu. Ran nan jikanta mai rarrafe ya fito tsakar gida, zakara ya saki fiffike ya nufo shi a karkace. Iya ta ɗauke yaron, ta aika zaure a ce wa Malam a wasa wuƙa. Matan gida suna cewa ayya, irin wannan zakara, ta ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ta kuma hana a sa wa kaza ƙwan da aka yi a zamaninsa, ta ce hali a jini yake, mafaɗaci mafaɗaci yake haifa.

To abin da ta yi ɗin nan shi za ki yi, sai dai ke naki biyar ne. Da daren yau ki kwashe huɗu ki raba su da matan. In kina son su ƙara nama kafin ki sayar, ki haɗa su wuri ɗaya da ba sa hango mace, don zakaru zalla sukan zauna lafiya in ba abin da za su yi kishi a kai. Wurin ya zama da fili, kowane ya sami kamar mita ɗaya tsawo da faɗi, a sa mazubin abinci biyu da na ruwa biyu nesa da juna, don babban kan tsare guda ya hana na ƙasa ci. Ki jingina tsohon buhu ko faifan kwano a kusurwa, wanda aka kora ya sami inda zai ɓuya. Kwana biyu na farko za su ɗan gwabza har kowa ya san matsayinsa, wannan ki ƙyale su. Amma in kin ga an tare ɗaya a lungu ya cusa kai ƙasa ana saran ƙeyarsa, ko jini ya fito, ki cire shi nan take. Kaji in sun ga ja ba sa dainawa. Ki wanke ciwon da dafaffen ruwa rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ki shafa shuɗin maganin nan na kemis da ke rufe jan, ki ajiye shi shi kaɗai sai ya warke. Ranar mayar da shi kada ki jefa shi cikinsu da rana. Ki bar shi a kwando a kusa da su suna ganin juna kamar mako guda, sannan ki saka shi da dare.

Wanda kika bari da matan, kada ki gudu in ya taso, kada kuma ki harbe shi da ƙafa. Ki tako gaba ki sa shi ya kauce miki, da faifai ko murfin roba a hannu ki tare. Ki shiga da zani har ƙasa da takalmi rufaffe. 'Yan wata shida ƙaiminsu bai gama fitowa ba, da farce da baki suke ɓarna, amma in ya tsiro ki goge tsinin kawai, don akwai jijiyar jini a ciki. In kin zarce ya yi jini ki danna garin masara a wurin ki riƙe. Ki ba shi mako biyu zuwa uku. In har ya sake nufar yaro, magana ta ƙare.

Abin da ke ɓata mini rai da ku 'yan yanzu shi ne ku kuke lalata su tun suna tsaki. A ɗauki ɗan zakara a cinya, a ba shi abinci a tafin hannu, har ya daina jin nauyin mutum, ranar da ya balaga kuwa ya ɗauke ku sa'anninsa. Ga kuma abin da nake gani a waya, zakara na bin yaro yana kuka, uwar na tsaye tana ɗauka tana ƙyalƙyala dariya. Yara maza su ma su kama na gidansu da na maƙwabta su haɗa su faɗa a bayan layi, ba mai tsawata musu, alhali malamanmu sun hana haɗa dabbobi faɗa. Zakaran da aka saba wa haka ba ya komawa daidai. Kuna zaune kusa da Shika, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take, har kazar Shika Brown daga can ta fito, ga likitocin dabbobi na jami'a a bakin ƙofarku, amma sai maganar maƙwabciya ce ta hana ki barci.

Batun alama kuwa, ni dai ban taɓa jin Iya ta ambaci wata alama ba, ita idon yara take dubawa. Abin da Malam yake yawan faɗa mana shi ne hadisin da ya ce kada a zagi zakara domin yana tayar da mutane salla, kuma in za a yanka a kaifafa wuƙa a hutar da dabba. Ko tsofaffin wasu gidajen suna da wata fassara tasu, wannan sai ranar da kika shigo Birni mu zauna da Gwaggonki Asabe, ita ta fi zama da tsofaffi.

Ƙwaurin Abba ki wanke da sabulu da ruwa mai yawa, don farcen kaza a cikin kashi yake yini. Ki duba katinsa ki ga ko allurar rigakafinsa ta cika. In wurin ya kumbura, ko ya yi zafi, ko ya fara ruwa, ko jikinsa ya yi ɗumi, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki tsaya shafe-shafe. Ki gaida maigidan, ki ce masa ya samo kwanduna biyu manya a kasuwar Sabon Gari kafin magariba.