Keken Inna da Tukunyar Ɗanwake

Ɗiyata, bayan gaisuwa da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya, saƙonki ya iso ni a Gadarif, nan gabashin Sudan. Kin ce da kuka koma gidanmu na Madani kun tarar da keken ɗinkin Inna a ƙuryar ɗaki, tsatsa ta kama shi har ba ya juyawa, kuma kina so ki tashe shi. Sa'an nan kika tambaya ko wajibi ne a al'adarmu a dafa abinci a raba wa maƙwabta ranar da keke ya tashi, kamar yadda kika ji babanki yana faɗa, kuma idan wajibi ne, ko Indomie zai wadatar, tunda ba kya son wahalar girki. Na yi dariya har ƙwalla ta zubo mini. Abin da ya katse mini dariyar shi ne inda kika ce za ki kankare baƙin jikinsa ki fesa masa farin fenti don ya dace da labulenki.

Wannan keken da kuɗin tsinkar auduga Baba ya saye shi. Kin san kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar, kuma da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 gonakin auduga na yankin Jazira suka ja mutanenmu da yawa zuwa Madani da ƙauyukanta. Baba ya yi kaka uku yana tara kuɗi kafin ya shigo da shi gida a kan amalanken jaki. Singer ne na asali, ƙirar masana'antarsu ta Sikotland wadda aka rufe a 1980, saboda haka wannan zanen ruwan zinariya da kike son gogewa, idan ya tafi babu inda za ki je a mayar miki da na asalin.

Ba yau ne keken ya fara tsayawa ba, kuma tsayawarsa ta farko ni na jawo ta. A azumin 1974 ina da shekara 12, ni ce mai share shi, kuma na ga Inna tana ɗiga masa mai daga wani ɗan gwangwani mai dogon baki. Da man ya ƙare ban faɗa wa kowa ba, na riƙa ɗiban man riɗi daga madafi ina ɗiga masa a ɓoye wata da watanni, ina ganin gwaninta nake yi. Ashe man abinci daskarewa yake yi ya zama kamar ƙaro, ya haɗu da burbushin zare da na yadi ya toshe ko'ina. Saura kwana tara Sallah, kayan yaran gida shida na unguwa a yanke a jibge a kan tabarma, Inna ta taka keke ya ce bai san zancen ba.

Aka kira wani dattijo mai gyara a kasuwa, mutumin da ya baro gida da niyyar hajji tun yana saurayi, hanya ta ajiye shi a Madani. Bai taɓa komai ba sai da ya sunkuya ya sansana cikin keken, ya ɗago ya tambaya wa yake soya ƙosai a nan. Duk tsakar gida aka juyo ana kallona. Ya cire bel, ya ɗaga kan keken, ya fitar da allura da ƙoshiya da kwarkwaro, ya kwance farantin da ke kan haƙoran da suke jan yadi, kowane ƙusa ya ajiye shi a jere a kan farin ƙyalle yadda ya fito. Sai ya ce ni zan yi aikin. Kwana uku ina ɗiga kananzir a kowane rami da kowace mahaɗa, ina sakace dattin da tsinke da tsohon buroshi, shi kuma yakan zo bayan la'asar ya girgiza ƙafar keken da ake juyawa da hannu kaɗan gaba kaɗan baya. Da na kama ta da hannu biyu zan murɗa da ƙarfi sai ya buge mini hannu, ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A rana ta uku ta juya. Ya sa na goge kananzir ɗin tas, ya ɗiga man keke na ainihi ɗigo ɗaya a kowane rami, baƙin jikin kuwa da wannan man ya shafe shi a tsumma mai laushi, bai bari ruwa ko sabulu ya taɓa zanen ba. Ya rage tsawon bel, ya ɗinka layi a kan ƙyalle, ya duba sama da ƙasa yana gyara ɗaurin zare har ɗinkin ya kwanta daidai ta fuska biyu.

A kwanakin nan uku maƙwabciyarmu ta buɗe wa Inna ɗakinta, suna karɓa-karɓa a nata keken har tsakar dare, wasu matan kuma suka ɗauki kalmasa da sa maɓalli da hannu. Ranar da namu ya tashi, Inna ba ta da lokacin tuƙa asida, tuwon nan ƙasar, balle yaɓa kisra, gurasar nan mai kamar takarda, sai ta kwaɓa garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa, ta riƙa jefawa a tafasasshen ruwa, suka taso sama, ta bar su suka ƙara nuna kaɗan ta tsame, aka zuba soyayyen mai da albasa da yaji. Ni aka ɗora wa akushi bayan an sha ruwa, gida gida, ina shan tsiya a kowane zaure. Na tambaye ta dalili, ta ce mahaifiyarta takan ce yaba kyauta tukwici. Tun daga nan duk lokacin da aka gyara keken sai ta jefa ɗanwake, babanki kuwa yana yaye a shekarar, shi ya sa ya tashi yana zaton abin daga Sakkwato aka zo da shi.

Kin ga ke nan abincin da kike gudu bai kai rabin sa'a ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke tambayar me za a dafa ba ku tambayar wa za a kai wa, domin ban tabbata kin san waɗanda suka dawo unguwar da waɗanda har yanzu ƙofarsu take rufe ba. Laifin ma har da namu, da muka bar ku kuka girma kuna kai ko tsagewar aljihu wurin tela.

Ki sayi kananzir da man keke, kada maigidanki ya kusance shi da man mota, kuma ki lura da ɓangaren da tsohuwar allurar ta fuskanta kafin ki cire ta. Zan aiko miki da kuka da kanwa ta hannun direban da ke zuwa Madani ranar Alhamis. Maganar Indomie ki bar ta sai kin kira ni na ji ƙarar keken ta waya.

Goggonki